Kunkuru da Balbelar Teku

Lokacin da mahaifinmu ya kafa gida a Tudun Wada, unguwar ba ta wuce 'yan gidaje ba, sauran fili duk gonakin dawa ne da kukoki. Daga ƙasar Kano ya taso, ya biyo aikin shimfiɗa hanyar jirgi, da aikin ya ƙare bai koma ba. Cikin ganuwa na 'yan gari ne, mu baƙi waje aka nuna mana, muka zauna muna hangen Ƙofar Doka. Bai yi tsawon rai a gidan ba. Ya rasu ya bar mu mu uku, Inna da yayana da ni.

Yaya magini ne, ya girme ni da shekara biyar ko shida. Ƙato ne, da hannu ɗaya yake cilla tubali ga wanda ke kan katanga, kuma ba mai yawan magana ba ne. Ya taɓa aure, matar ta rasu wurin haihuwa, bai sake ba. Ni kuwa ɗinkin riga nake yi a zaure. Da safe in ɗauki karatu wurin wani tsohon malami a unguwarmu, bayan la'asar in zame in je wurin wani akawu da ke koya mini boko. Na yi aure, matata tana ɗauke da cikin fari.

Shekarar da aka ce Turawa suna yaƙi da 'yan'uwansu Turawa, aka shiga neman 'yan dako da za a kai bayan teku. Wata rana bayan azahar mai unguwa ya yi sallama a ƙofar zaurenmu. Na shimfiɗa masa tabarma, ya ƙi zama. Ya ce umarni ya zo daga sama, duk gida mai maza biyu zai ba da ɗaya, kuma a gidanmu ni ya zaɓa. Kowa ya san dalili: Yaya yana cikin gina masa soro, bai kai ga rufi ba.

Inna tana bayan zana tana ji. Ta ɗaga murya ta ce, "Babban ne zai je."

Mai unguwa ya ce, "Inna, ai ƙaramin na ce."

"Ƙaramin ba shi da ƙirjin ɗaukar kaya, ga iyalinsa da ciki. In dai daga gidan nan za a ɗauka, babban ne."

Yaya yana tsaye a bakin ƙofa, ya dawo cin abinci, laka ta bushe masa har gwiwar hannu. Ya dube ni. Allura tana hannuna, na sunkuyar da kai ina lalubar kafarta kamar zare ya fita, alhali bai fita ba. Ya ɗan jira, sannan ya ce, "To."

Tare da shi aka ɗauki abokin aikinsa, wani mutumin unguwar Gyallesu da ke kwaɓa masa ƙasa, mai raha, wanda in yana wurin gini ana jin dariyarsa daga nesa. Mahaifin abokin, tsoho, ya rako shi tasha yana dogara sanda. Matar abokin ba ta zo ba, ta aiko da dakuwa a ƙulle cikin tsumma. Jirgi ya tashi da su, muka haye rafin Kubanni muka dawo gida. Inna ba ta tambaye ni yadda aka rabu ba.

Damina biyu ta wuce ba labari. Aka haifa mini ɗa, har ya fara tafiya.

Wata safiya ina ɗinki, wani mutum ya tsaya a ƙofar zaure da yagaggen kwat irin na soja da ƙunshi a hammata. Na ce, "Bawan Allah, wa kake nema?" Ya ce, "Inna tana ciki?" Da murya na gane shi, Yaya ne. Wuyansa ya zama kamar kara, yana tari daga can ƙasan ƙirji, kuma da diddige yake taka ƙafar hagu domin yatsu biyu babu. A ƙunshin ba komai sai bargo da wani irin ƙoƙo mai ruwan ƙasa, kamar akushi amma ya fi shi tsawo, bayansa da zane faffaɗa-faffaɗa.

Washegari, tun kafin ya huta, ya ce in raka shi Gyallesu. Muka sami tsohon nan, mahaifin abokinsa, a zaurensa yana murza igiya. Bayan gaisuwa Yaya ya durƙusa ya ce, "Baba, sai haƙuri. Ɗanka ya riga mu gidan gaskiya, wata ranar Alhamis. Atuni ne."

Tsohon bai daina murza igiyar ba. Ya ce, "Da idonka ka gani?"

"Ni na wanke shi, Baba. Ni da wasu mutum biyu muka yi masa salla, muka sa shi cikin yashi a bakin teku."

"Ina mutum biyun?"

"Su ma sun bi shi."

Daga cikin gida muka ji kukan matar mamacin. Tsohon ya ce, "Allah ne masani," ya juya mana baya. Muka tashi.

Kwana da kwanaki zaurenmu yana cike da masu barka da zuwa. Kowa labarin yaƙi yake so, ƙarar igwa da yadda Turawa ke kashe juna. Yaya ya ce, "Mu kaya muka ɗauka," ya ja bakinsa. Sai ranar da malamina ya zo, ya ga ƙoƙon a gefensa, ya ɗauka ya jujjuya ya ce wannan kuma na wace dabba ce. Nan bakin Yaya ya buɗe, irin buɗewar da ban taɓa ji ba tun muna yara.

Ya ce bayan sun yi wata da watanni suna dako cikin daji, ciwo ya kama da yawansu. Aka kwaso marasa lafiya aka zube su a wani sansani a bakin teku, wai su jira jirgin ruwan da zai dawo da su gida. Jirgin bai zo da wuri ba. Abincinsu garin masara ne mai tsutsa. Masuntan wurin musulmi ne, ba sa jin harshen juna sai dai a haɗu a sahu, su ne suka nuna musu abin da yashi ke ɓoyewa.

"Malam, wannan ƙoƙon na kunkurun teku ne, ɗan ƙarami, masunci ya ba ni," in ji shi. "Uwar kuwa, in aka kifar da ita, mutum biyu ba sa ɗaga ta. Da asuba za ka ga sawunta ya fito daga ruwa ya hau tudu, faɗinsa ya kai tabarma. In ka yi sammako ka tarar ba ta gama ba. Ba ƙafa gare ta irin ta kunkurun nan namu ba, hannuwa ne kamar filafilin kwalekwale. Kuma ba ta iya mayar da kai cikin ƙoƙo. In ka tsaya a kanta sai dai ta dube ka. Da ƙafafun baya take haƙa rami, wallahi ta fi ni iya daidaita bakin rami. Ta zuba ƙwai fal, ƙulu-ƙulu, ɓawonsu da laushi kamar fata, ko ka dafa farin ba ya daskarewa. Tana yi hawaye na zubo mata, masu kauri. In ta gama ta rufe, ta daddaɓe wurin da ciki kamar mai daɓe, ta ja jiki ta koma ruwa. Ko waiwaye ba ta yi."

Ya yi tari, ya sha ruwa, ya ci gaba. Ya ce akwai kuma wata tsuntsuwa a wurin, fara, bayanta toka-toka, da baƙar hula mai tukku a ka, baki rawaya, wutsiya a tsage kamar ta tsattsewa. Masuntan sun faɗa masa sunanta bai riƙe ba, shi dai balbelar teku yake ce mata. Ba ta yin sheƙa. A kan tsurar yashi take ajiye ƙwai guda ɗaya, a wani ɗan tsibiri da ake zuwa da ƙafa in ruwa ya janye, domin ruwan teku sau biyu a yini yake janyewa ya dawo. Ita da namijin karɓa-karɓa suke yi, ɗaya ya kwanta kan ƙwan, ɗaya ya tafi kamun kifi. In mutum ya doso wurin, sai su taso masa gaba ɗaya suna ihu suna sarar sa a ka. Ya cire hula ya nuna mana tabo biyu a tsakar kansa.

Wani maɗinki abokina ya ce, "To ai ga uwa ta gari nan, tsuntsuwar. Kunkurun nan kuwa muguwar uwa ce, ta binne 'ya'ya ta yi tafiyarta."

Yaya ya ce, "Haka ni ma na ce da fari. Amma mun kwashe ƙwan wannan, mun kwashe na waccan, yunwa ba ta tambaya. Tsuntsuwar ta yi faɗa, faɗan bai hana komai ba. Sai ta yini tana kewaya gurbin tana kuka, har ka rasa inda za ka sa kunnenka. Ɗayar kuwa ta yi kukanta tun kafin ta rufe rami, ta tafi, ba ta ga abin da aka yi ba. Ramin da ba mu gano ba, 'ya'yan su fito su nufi ruwa, ƙaguwa da hankaki suna tsintarsu, wanda ya kai ya kai."

"To wacce ta fi ke nan?"

"Ban sani ba. Na dai san wacce ta fi shan wahala."

Inna tana bayan zana, ta ji duka. Da yamma da kanta ta kawo masa tuwo, abin da matata ta saba yi. Ta ajiye akushin ta tsaya. Ta ce, "Da ni kake?"

Ya ɗago kai. "Wallahi Inna, kunkuru nake faɗi."

"Ni ranar da aka tafi da kai ko kuka ban yi ba, kowa shaida ne. Ashe har kunkuru ta fi ni."

Ta juya ta shige ɗaki. Har yau ina da yaƙinin kunkurun yake nufi, ba ita ba. Amma daga ranar tsakaninsu sai ina kwana da ina wuni.

Labarin ya fita daga zaurenmu ya zaga unguwa, kuma bai dawo yadda ya fita ba. Wasu suka ce kififiya ya gani irin ta Kubanni, zazzaɓi ya mayar masa da ita giwa. Wasu suka kama maganar ruwan da ke tafiya ya dawo sau biyu a yini, suna tambaya ko cefane yake zuwa. Malamina ya yi abin da zai iya. Ya faɗa a gaban jama'a cewa abin da ke rayuwa cikin teku halal ne, ba laifi a kan wanda ya ci. Amma da aka tambaye shi batun hawayen, ya ce shi dai bai gani a littafi ba. Wannan rabin aka riƙe. A wurin suna ko biki, in Yaya ya sa hannu a akushi sai ka ga mutum ya tuna yana da uzuri. Yara suna bin sa suna kiran mai kunkuru. Ba wanda ya sake kiransa gini, ko da yake ko an kira ba zai iya hawa katanga ba. Shi kuwa duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya ɗauko masa zancen daga farko, kunkuru da balbela, balbela da kunkuru.

Kunya ta ishe ni. Na ce masa, "Yaya, don Allah ka daina labarin nan a zaure. Dariya ake yi maka."

Ya ce, "To wanne zan ba su? Ɗayan ba mai iya ji."

Ana cikin haka matar abokinsa ta kai maganarta gaban alƙali, tana so a tabbatar da mutuwar mijinta ta shiga takaba, ta san matsayinta. Aka kira Yaya ya ba da shaida, ya faɗi yadda ya faɗa a Gyallesu, bai ƙara ba bai rage ba. Sai tsohon ya miƙe da sandarsa ya ce, "Allah ya gafarta Malam, mutumin da ke cewa kunkuru na kuka, ruwa na yawo, shi ne zai kashe mini ɗa da baki? Kowa ya san ya taɓu." Ba mugunta ce ta sa tsohon ba. Ɗa ɗaya gare shi, kuma muddin ba a rubuta ba, a wurinsa yaron yana hanya. Alƙali ya ce shaida ɗaya ba ta isa ba, balle ga suka a kan hankalin mai ita. Ko a kawo shaida ta biyu, ko takarda daga waɗanda suka ɗauke shi. In ba haka ba, hukuncin matar wanda ya ɓace ne a kanta: ta jira shekara huɗu.

A kwanakin ne akawun da ke koya mini boko ya ba ni labari biyu a zama ɗaya. Ya ce akwai wani Bature a bariki mai son tsuntsaye kamar me, ɗakinsa guda cike da fatunsu an cusa musu auduga. Ya ce kuma Baturen nan ne aka ɗora wa neman wanda ya iya ajami da boko, a sa shi rubutu a kotun alƙali. Na kwana biyu ina juya zancen. Sannan na je na ce wa Yaya mu tafi wurin Baturen ya ba shi labarin tsuntsuwar, in ya gaskata shi sai mu roƙi takarda saboda matar nan. Ba ƙarya na yi ba, amma rabin gaskiya na faɗa. Yaya ya yi wanka, ya sa rigar da na ɗinka masa tun kafin tafiya, tana yi masa yawa, ya ɗauki ƙoƙonsa.

Muka sami Baturen a baranda. Muka cire takalma muka tsuguna a ƙasa. Saurayi ne dogo, yana jin Hausa in an yi a hankali. Na gabatar da kaina, ban manta da cewa na iya boko ba, sannan na ce ga yayana da ya ga tsuntsayen bakin teku. Ya shiga ciki ya fito da wani ƙaton littafi mai hotuna, ya sauko ya zauna a kan matakala kusa da mu yana buɗewa. Yaya yana cewa ba wannan ba, ba wannan ba, bakin wannan ja ne, wannan ba ta da tukku. Can sai ya ɗora yatsa a kan takarda. Ya ce, "Ga ta. Wallahi ga ta."

Baturen ya yi murna kamar an yi masa haihuwa. Ya ɗauko fensir da ɗan littafi ya shiga tambaya. A wane wata ne? Ƙwai nawa a gurbi? Wane launi, da ɗigo ko babu? Ya ga 'ya'yan? Tsibirin yana gabas da sansanin ko kudu? Yaya yana amsawa dalla-dalla, yana zana gurbin a ƙasa da yatsa, har da kwaikwayon kukan. Tun da ya dawo ban ga fuskarsa haka ba. Rana ta ɗaga sosai suna abu ɗaya.

Da suka gama da tsuntsuwa, Yaya ya miƙa ƙoƙon ya kawo zancen kunkuru. Baturen ya karɓa yana shafa bayansa. Ya ce, "Gaskiya ne. Akwai shi, ni ma na gani. Babba ƙwarai. Amma ba kuka yake ba, yashi yake wankewa daga ido."

Yaya ya ce, "Ranka ya daɗe, ko kuka ne ko wanki ne, ruwa dai yana fita?"

"Yana fita."

"Kuma teku tana janyewa ta dawo?"

Baturen ya yi dariya. "Kullum."

Yaya ya gyara tsuguno. Ya ce a wurin nan da tsuntsuwar take ya binne abokinsa, ga matarsa a Gyallesu ba ta da miji kuma ba ta da takaba, yana roƙon takarda da za a kai wa alƙali. Na ga fuskar Baturen ta canja, ya rufe ɗan littafinsa. Ya ce wannan aikin soja ne, ba na ofishinsa ba. Ya tambaya ko mamacin yana da lamba a wuya. Yaya ya ce yana da ita, wani saje ya tsinke ta ya tafi da ita. Baturen ya ce to shi ke nan, sunan zai fito a takarda in lokaci ya yi.

"To ranka ya daɗe, ko layi biyu ne ka rubuta cewa abin da na gani akwai shi. An ce na taɓu."

Baturen ya ce su ba sa sa baki a shari'ar alƙali, wannan tsakaninmu ne, haka doka ta ce. Ya juyo wurina ya ce, "Ko ba haka ba, Malam?"

Ba wanda ya taɓa ce mini Malam sai ranar. Ga dukan maganar da zan iya yi tana bakina: cewa ba shari'a muke so ya yanke ba, abin da ya faɗa yanzu da bakinsa kawai zai sa a takarda. Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe."

Ƙoƙon yana hannunsa har lokacin. Ya ce bai taɓa samun na ƙarami mai kyau haka ba, ko Yaya zai bar masa? Yaya ya sunkuyar da kai, ya yi magana ƙasa-ƙasa. Ya ce, "Da shi na riƙa ba marasa lafiya ruwa. Da shi na wanke abokina."

Baturen bai ji ba. Ya ce mini, "Me ya ce?"

Na ce, "Ya ce ya ba ka kyauta."

Da Hausa na faɗa, a hankali yadda Bature zai gane, Yaya yana gefena. Bai musa ba. Baturen ya yi godiya, ya sa kukunsa ya ba mu ruwa, ya ce in dawo ranar Litinin da alƙalamina.

Muka kamo hanyar gida. Da muka iso Kubanni tari ya sarƙe shi, ya zauna a kan wani dutse har ya lafa. Na tsaya ina jiran ya zage ni, da ya zage ni ma da na ji sauƙi. Ya goge baki da hannun riga ya ce, "Allah ya sa ka samu aikin." Ya miƙe muka ci gaba.

Na samu. Aka ba ni tabarma a gefen alƙali da babban littafi, mutanen da ke wuce zaurenmu ba gaisuwa suka koma tsayawa. Yaya kuwa bai sake yin zancen teku ba, ko da an tsokane shi. Unguwa ta ce ya samu sauƙi. Yakan fito da safe ya zauna a gindin katangar da ya gina da hannunsa, rana ta matsa ya matsa. Farkon daminar da ta biyo baya tarin ya kwantar da shi. Inna ta koma ɗakinsa da tabarmarta, ita ke ɗaga shi ita ke kwantar da shi, kwana goma sha wani abu. Abin da suka faɗa wa juna, in sun faɗa, ban ji ba, domin da safe ina kotu. Ranar da ya cika ma a can aka aiko aka same ni, muna tsakiyar shari'ar wata akuya da ta shiga gona.

Takardar sojan ba ta taɓa zuwa ba. An canja wa Baturen gari, ya tafi da akwatunan tsuntsayensa. Tsohon Gyallesu ya rasu yana cewa a bar ɗakin ɗansa yadda yake. Matar ta zauna a gidan tana saƙar faifai, ba mai iya neman aurenta, ba kuma wanda zai ce mata gwauruwa, har shekara huɗun suka cika cif.

Ranar da ta dawo kotu ni ke riƙe da alƙalami. Ta durƙusa can gefe cikin lulluɓi, ƙanenta yana tsaye a bayanta. Ba a daɗe ba. Alƙali ya ce wa'adi ya cika, ta je ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, bayan nan ta halatta ga mai so. Ya faɗa mini abin da zan rubuta, na rubuta. Har an kira masu shari'a ta gaba, sai ta ce tana roƙon a karanta mata abin da aka sa a littafi. Alƙali ya yi mini nuni. Na karanta: mijinta ya tafi dako tare da Turawa, ya ɓace, ba a san inda ya mutu ba, ba a kuma san ranar ba.

Ta ɗan ɗaga lulluɓin ta dube ni. Ta ce, "An sani, Malam. Yayanka ya sani. A bakin teku ne, ranar Alhamis, kuma an yi masa wanka."

Alƙali ya ce abin da shari'a ta tabbatar shi ake rubutawa. Ta ce ta ji, ta gode. Ta tashi, ƙanenta ya bi ta, suka fita. Na barbaɗa yashi a kan rubutun don tawada ta bushe, na kaɗe, na buɗe sabon shafi, domin masu shari'a ta gaba sun riga sun durƙusa.